Yadda ake yi wa ɗan damfara bishara idan ya kira ka a waya

Duk mai layin MTN ko Orange a Garwa, Marwa ko Ngaundare ya san wannan kiran, haka ma 'yan'uwanmu na ƙetaren gadar Ngeli masu Airtel da Moov a Injamena. Baƙuwar lamba, murya mai ladabi, sai labarin kuɗin da wai aka turo maka bisa kuskure, ko kyautar da ka ci a gasar da ba ka taɓa shiga ba. Yawancinmu ɗayan biyu muke yi: ko mu katse, ko mu zazzaga masa zagi sannan mu katse. Akwai ta uku, wato ka gaya masa maganar Yesu kafin layin ya yanke.

Sana'ata tura kuɗi da cire su ta waya, lambata kuma a rubuce take ɓaro-ɓaro a jikin kiyos, shi ya sa masu irin wannan kira ba sa rabuwa da ni. Na daɗe ina yi musu bishara, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne abin da nake koya wa matasan ikilisiyarmu. Ka sani tun yanzu, mafi yawansu za su katse kafin ka gama magana ta biyu. Wasu za su zage ka har iyayenka. 'Yan kaɗan ne za su tsaya su ji. In abin da kake nema shi ne labarin da za ka bayar ranar Lahadi a tafa maka, nemi wani aikin.

Abin da za ka tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kiran ba ya sallama kafin ya zo, don haka waɗannan su kasance a shirye.

Waya a kulle. Lambar sirrin MoMo ko Orange Money ɗinka kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar layinka, kada kuma ka ajiye ta cikin saƙonni ko a bayan murfin waya. A WhatsApp ka shiga saituna ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri mai alƙaluma 6 wadda kai da kanka ka zaɓa. Wanda bai yi waɗannan ba, bai isa ya tsaya hira da ɗan damfara ba tukuna.

Katin ayoyi. 'Yar takarda ce girman katin shaida, ka rubuta ayoyi huɗu da hannunka: Luka 19:10, Romawa 5:8, Karin Magana 20:17 da Afisawa 4:28. Ka rubuta su da Hausa a fuska ɗaya, da Faransanci a ɗaya fuskar, domin yawancin masu kira da Faransanci suke farawa. In kana jin Fulatanci, ka ari Deftere Allah, wato Littafi Mai Tsarki na Fulatanci, wurin fasto ka kwafi aya ɗaya ko biyu ka ƙara. Za ka ce ai Littafi Mai Tsarki yana cikin wayarka, me ya kawo takarda? Dalilin shi ne, muddin mutumin yana kan layi, yatsanka ba zai taɓa fuskar wayar ba. Zan dawo kan wannan.

Ƙaramin littafi da biro, don rubuta lambar da ta kira, rana, da dabarar da aka yi amfani da ita.

Mutum ɗaya da ya san kana wannan aiki: fasto, dattijon ikilisiya, ko shugabar zumuntar mata. Shi za ka gaya wa in wani ya fara maimaita kira. Wanda yake yin abin nan a ɓoye shi ake cuta.

Mataki na 1: Ka gane irin kiran

Kafin ka yi wa mutum wa'azin tuba, ka tabbata ɗan damfara ne. Mutanen kirki ma sukan yi kuskuren lamba, ina ganinsu a kiyos suna share gumi. Ga dabarun da suka fi yawo a wajenmu.

Ta farko, kuɗin kuskure. Saƙo ya shigo yana cewa ka karɓi sefa 25,000, an tsara shi tamkar na kamfani. Ko minti biyu ba a yi ba sai kira: "Baba, don Allah, kuɗin maganin mahaifiyata ne, hannuna ya zame." Dubi wanda ya aiko saƙon. In lambar mutum ce mai alƙaluma 9 da ta fara da 6, ƙarya ce, domin saƙon gaskiya da sunan ma'aikatar kuɗin kamfanin yake zuwa, kuma abin da ke asusunka yakan ƙaru da gaske.

Ta biyu, ma'aikacin kamfani na bogi. Zai ce za a rufe layinka saboda rajista ba ta cika ba, ko ya ce zai taimake ka ka soke wani ciri da ake yi a asusunka. Sai ya ce danna kaza, danna kaza, sa lambar sirrinka. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, shi ya riga ya buɗe neman cire kuɗi daga can inda yake, lambar sirrinka kawai ta rage. Duk mai kiyos ya san ba a cire ko dala sai mai asusu ya amince da lambarsa. Da hannunka za ka ba shi.

Ta uku ta ƙunshi kyautar gasa, gurbin aiki a wata ƙungiyar agaji, ko sunan ɗanka a jarrabawar shiga aikin gwamnati, amma sai an biya "kuɗin takardu". Ta huɗu, ɗan'uwanka ya yi hatsari a hanyar Gidar, yana asibiti, likita ya ƙi taɓa shi sai an turo kuɗi yanzu-yanzu.

Ta biyar kuwa mu Kirista aka ɗinka wa ita. Mai kira zai gaishe ka da salamar Ubangiji, ya ce daga zauren addu'arku na WhatsApp yake, akwai taron addu'a ta intanet yau da dare, an turo maka lamba mai alƙaluma 6 ta shiga taron, ka karanto masa. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa, ya kwashe asusunka zuwa wayarsa, ya shiga roƙon 'yan ikilisiya kuɗi da sunanka da hotonka.

Duka suna da alama ɗaya: gaggawa. Ba sa so ka ajiye waya ka yi tunani ko ka tambayi wani. In kana shakka ko kuskuren na gaskiya ne, ce masa ya je ofishin kamfanin ya kai kuka, su ne masu ikon mayar da kuɗin da aka tura bisa kuskure. Mai gaskiya zai yi godiya ya tafi. Ɗayan zai shiga kawo dalilai.

Mataki na 2: Ɗauke hannu daga wayar

Ka sa wayar a kunne, ko ka buɗe lasifika ka ajiye ta a tebur, ka naɗe hannu. Ba dannawa, ba karanto lamba, ba buɗe saƙon da ya shigo ana cikin magana. In kana son duba asusunka, sai bayan an katse, kuma kai da kanka za ka danna *126# a MTN ko #150# a Orange, ba wata lambar da ya ba ka ba.

Akwai kuma abubuwan da bakinka ba zai furta ba ko da hira ta yi daɗi: cikakken sunanka, unguwarku, sunan majami'arku da lokacin sujada, sunan fasto, makarantar 'ya'yanka, yawan shanunka ko buhunan da ka girbe. Mu da muke zaune a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, daga Mayo Rai zuwa Tuboro, ga kuma halin da ake ciki a kan iyakar Arewa Mai Nisa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shaidar Yesu ba ta bukatar adireshinka.

Mataki na 3: Yanke shawara, magana ko katsewa

Ba kowane kira ake tsayawa a kai ba. Katse nan take in kana kan babur, in masu ciniki suna tsaye a gabanka, ko in ranka a ɓace yake tun kafin kiran. Katse in murya ce ta na'ura. In baƙuwar lambar ƙasar waje ta yi ƙara sau ɗaya ta yanke, kada ka bi ta da kira, kuɗin wayarka ake so a zuƙe.

Wanda ya yi barazana, ya ce ya san gidanka, ko ya ce wani naka yana hannunsa, wannan ya wuce zancen bishara a waya. Rubuta lambar, nemi wanda aka ambata ta wata wayar, ka nufi jandarmomi ko 'yan sanda.

Tsofaffin da ba su saba da waya ba, da yara, ni ba na koya musu wannan aiki. Abin da nake koya musu shi ne katsewa da yi wa mutumin addu'a bayan an katse. Wannan ma hidima ce cikakkiya.

Mataki na 4: Faɗi gaskiya tun a maganar farko

A nan yawancin masu farawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Sukan yi kamar sun faɗa tarko, su ja mutumin rabin awa, "to na danna, sai me kuma?", suna ƙunshe dariya, wani ma yana naɗar muryar don ya watsa a zauren matasa. Daga ƙarshe sai su ce, "Af, Yesu yana ƙaunarka." Ka yi wa mutum ƙarya rabin awa, da wane baki za ka kira shi zuwa ga gaskiya? Shi ma ya san an yi wasa da shi, abin da zai tafi da shi haushi ne. Ubangiji ya ce mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi (Matiyu 10:16). Wayon shi ne kada a cuce ka. Ba lasisi ba ne na kai ma ka yi cuta.

Ga yadda nake buɗewa:

Shi: Baba, barka da rana. Don girman Allah ka taimake ni, sefa 25,000 sun shigo maka bisa kuskure.

Ni: Barka kadai, ɗana. Na san ba abin da ya shigo, kuma ba abin da zan tura. Amma ban yi fushi da kai ba. Ba ni minti ɗaya, ina da magana da kai wadda ba ta kuɗi ba.

Abu uku ne a jere, kuma jerin yana da muhimmanci: na gane, ba zan tura ba, ban yi fushi ba. Na farko da na biyu suna kashe masa sa rai, ta yadda in ya tsaya, ba don kuɗi ya tsaya ba. Na ukun shi ne abin da bai saba ji ba. Mutumin da ya wuni yana shan tsinuwa, in ya ji an ce masa "ɗana" bayan an gano shi, yakan yi ɗan jim. Wannan jim ɗin shi ne duk ƙofar da kake da ita.

Kira shi yadda za ka kira shi da a gabanka yake. In ka girme shi, ɗana ko ƙanena. In sa'anka ne, malam ko ɗan'uwa. In mace ce, 'yata ko ƙanwata. Kalmar ɓarawo ko macuci kada ta fito, ko da gaskiya ce, domin tana fita layi ya mutu. Kada kuma ka yi masa bayanin yadda ka gano shi. Da yawa sukan yi alfahari, "ai na ga saƙon ba daga kamfani yake ba," ba su san darasi suke ba shi kyauta ba, gobe ya gyara ya cuci wani.

Mataki na 5: Tambaya ɗaya, sannan ka yi shiru

In bai katse ba, kada ka auka masa da wa'azi. Yi tambaya ɗaya. Wadda ta fi yi mini aiki ita ce, "Yaya aka yi ka shiga wannan aiki?" Wani lokaci kuma, "In ka kwanta da dare, kana samun barci?" Tambayar da ta taɓo mahaifiyarsa, irin su "ta san abin da kake ci da shi?", ina guje mata, kunyatarwa ce, kuma namiji in an kunyata shi da uwarsa zagi yake mayarwa.

Amsoshin ba su da yawa. Wani zai musa, ya rantse shi ma'aikaci ne. Ce masa, "To, na ji, amma maganata tana nan," ka wuce. Wani zai ce ya gama jami'a a Dang ta Ngaundare ko a Marwa, ba aiki, ga ƙanne. Wani zai ce manya ma sata suke yi, don me za a dame shi? Kada ka biye masa zuwa siyasa, ba za ku fito ba. Ka amsa cewa rashin aiki gaskiya ne, kai ma kana ganinsa a gidanku, ka ƙara da cewa tsohuwar da zai kira bayanka ba minista ba ce.

Rabin abin da zai faɗa yana iya zama ƙarya. Ba komai, ba alƙali aka naɗa ka ba. Ka kuma riƙe a ranka cewa ba duk mai wannan aiki ne yake yinsa da son ransa ba. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar, da kimanin 100,000 a Kambodiya, ana tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, da yawansu alkawarin aiki aka yaudare su da shi. Wanda ke kiranka da Hausa ko Fulatanci mai yiwuwa ba can yake ba, amma yana iya kasancewa yaron wani ne da ke karɓe abin da aka samu.

Mataki na 6: Isar da saƙon cikin minti ɗaya

Labarin Zakka nake bayarwa, na Luka sura 19, domin kamar don su aka rubuta shi. Da bakina nake faɗa, ba karantawa ba:

"A garin Yariko akwai wani mai karɓar haraji, sunansa Zakka. Ya yi arziki da cutar mutane, duk gari an tsane shi. Ranar da Yesu zai wuce, ya hau bishiya don ya hango shi. Yesu ya tsaya, ya kira shi da sunansa, ya ce yau a gidanka zan sauka. Mutane suka yi ta gunaguni. Shi kuwa Zakka ya tashi ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ɗana, Yesu bai jira ya gyara halinsa kafin ya shiga gidansa ba. Shigar ce ta gyara shi. Ya ce ya zo ne neman abin da ya ɓata, ya cece shi. Ni ma mai zunubi ne, ya mutu domina, ya tashi, ya gafarta mini. Kai ma ya san sunanka na gaskiya, wanda ba ka gaya mini ba."

Shi ke nan. Kada ka ƙara sura ta biyu. Mai farawa yakan so ya juye duk abin da ya koya tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, sai ya duba ya ga da kansa yake magana tun ɗazu.

Wani lokaci labarin Zakka ba shi ne ya dace ba. Mai taƙama da cewa aikin yana biya, Karin Magana 20:17 ce tasa: abincin da aka samu ta hanyar zamba da daɗi yake a baki, amma daga baya bakin da tsakuwa zai cika. Wanda ya ce shi ya riga ya lalace, Allah ba zai dube shi ba, ba shi labarin mai laifin da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23, wanda ya roƙi a tuna da shi, aka kuma yi masa alkawarin Firdausi a ranar, sannan ka karanta masa Romawa 5:8. Wanda ya ce, "Ai ni ma Kirista ne, ina cikin mawaƙa," kuma za ka gamu da su fiye da yadda kake zato, shi ba sabon labari yake bukata ba. Karanta masa Afisawa 4:28 a hankali, inda aka ce mai sata ya daina, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci, ka tambaye shi ko fastonsa ya sani.

In ya ce shi Musulmi ne, kada ka taɓa addininsa da mummunar kalma, kada ka buɗe muhawara. Da shi da kai kun san zamba haramun ce, maƙwabtanmu Musulmi su ma ana cutarsu kamar mu, suna kuma tsine wa abin kamar mu. Faɗi abin da ka gaskata game da Yesu Almasihu da abin da ya yi maka, da tawali'u da girmamawa kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta umarta, ka tsaya nan. Kada ma ka yanke addinin mutum ko ƙabilarsa daga sunan da ya ba ka. Wanda ya ce maka shi Alhaji ne, ga na gaba Fasto zai zama. Haka zancen ƙasa. Mun saba ɗora komai a kan Najeriya saboda lambar 419, wadda sashe ne na dokar laifuffukansu, alhali mu ma muna da namu 'yan damfarar, waɗanda ake kira 'yan feman, tun shekarun 1990.

Mataki na 7: Addu'a, in ya yarda

Tambaye shi, "Ka yarda in yi maka addu'a?" In ya ce a'a, ka ce to, za ka yi bayan an katse. In ya ce e, ko ya yi shiru, yi gajeriya, idonka a buɗe, hannunka nesa da wayar: "Ya Uba, ka san bawan nan naka da sunansa. Ka buɗe masa hanyar abinci ta halal, ka nuna masa Yesu, ka tsare waɗanda zai kira bayana. Amin."

Addu'ar wuta da tsawa, irin ta "duk wanda ya ci kuɗina hannunsa ya shanye", ba ta da wuri a nan. Sa'ad da Yakubu da Yohanna suka so kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, tsawata musu Yesu ya yi (Luka 9:54-55). An ce mu sa albarka, kada mu la'anta.

Mataki na 8: Tarko na biyu

In akwai matakin da nake so ka haddace, wannan ne. Ɗan damfara sana'arsa karanta mutane. Da ya ji kai mai ibada ne, ya san ƙofar kwaɗayi ta rufe, amma ta tausayi a buɗe take. Sai murya ta canja, wani har da kuka. "Baba, ban taɓa jin magana irin wannan ba. Daga yau na tuba. Amma ubangidana zai kashe ni in ban kai masa komai ba." Ko kuwa kuɗin mota zuwa gida, ko kuɗin sayen Littafi Mai Tsarki, ko ɗan jari don ya fara sayar da mai a kwalba. Ba zai nemi da yawa ba, sefa 2,000 ko 5,000. Wani ma ba zai roƙa a ranar ba. Zai yi mako yana turo maka "Amin, Baba" da tambayoyi kan ayoyi, sai ka saki jiki, sannan rashin lafiyar ɗa ta taso.

Dokar ɗaya ce, ba ta da togiya: ko dala ba za ta bi ta wayar nan ba. Ba kuɗi, ba katin waya, ba biyan kuɗin intanet. Faɗa masa a fili da murya mai taushi: "Na yi murna da abin da ka ce. Kuɗi kam ba zan tura ba, yau ko gobe. In da gaske kake, akwai majami'a kusa da kai, je ka nemi fasto ido da ido."

Na san abin da zai dame ka. Zuciyarka za ta ce, in fa da gaske yake, na hana mai tuba taimako? Duba labarin da ka ba shi. Tuban Zakka kuɗi ya fitar daga aljihunsa zuwa ga waɗanda ya cuta, bai jawo wasu kuɗin zuwa gare shi ba. Wanda ya tuba da gaske, ƙin tura masa sefa 5,000 ba zai mayar da shi baya ba, ikilisiyar da ke ganin fuskarsa kuma ita ce za ta iya auna bukatarsa. In kuwa wasa yake, kuɗinka sun koya masa cewa kukan tuba ma haja ce, gobe zai gwada ta a kan wata gwauruwa a zumuntar mata.

'Yan'uwa mata, ku ƙara kula a nan. In mai kira ya fara "Mama, ke kaɗai kika fahimce ni," yana kira da dare, hirar ta sauka daga layinta. Ki gaya wa maigida ko shugabarku, ki toshe lambar.

Mataki na 9: Katse, rubuta, kai rahoto

Kai za ka rufe hirar, kada ta wuce minti biyar. "Allah ya kiyaye ka, ɗana, sai an jima." Sannan ka duba asusunka, ka rubuta lambar da dabarar a littafinka.

Wasu suna ganin kai rahoto ya saɓa wa gafara. Ni ban gan shi haka ba. Abin da ya yi maka ka yafe, amma ba ka da ikon yafewa a madadin manomin da ya karɓi kuɗin audugarsa jiya, wanda shi ne na gaba a jerin lambobin. Kai lambar zuwa ofishin kamfanin layin. A Kamaru hukumar ANTIC tana karɓar ƙorafin laifuffukan intanet a lambar kyauta 8202, a Chadi kuma akwai takwararta ANSICE. In kuɗi sun riga sun fita, sai ka haɗa da 'yan sanda ko jandarmomi, da saƙonnin a wayarka, kada ka goge ko ɗaya. Sashe na 318 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 a kan zamba, ga kuma dokar 21 ga Disamba 2010 kan laifuffukan intanet. In mutumin ya tambaye ka ko za ka kai ƙararsa, kada ka ɓoye, ce masa za ka kai lambar.

Abin da ba za ka yi ba shi ne watsa sunan da ya bayyana a kan lambar a Facebook. Sau da yawa da katin shaidar wani da ya ɓata ake yi wa layin rajista, sai ka tozarta wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Gargaɗi a zauren ikilisiya ya isa: ga dabarar, ga yadda take, ku kula.

Ka sani kuma, wanda ya tsaya hira yakan ƙara samun irin wannan kira, domin an gane layin yana da mai ɗauka. In ya yi maka yawa, toshe, ka huta na wani lokaci.

Mataki na 10: In wani abu ya gaza, ko in ya dawo

In ba ku jin harshen juna, jimla ɗaya da ka haddace da Faransanci ta wadatar: Yesu ya san ka, yana kuma gafarta wa mai tuba. In ya katse tun a gaisuwa, kada ka bi shi da kira, kada ka tura masa jerin saƙonni. Yi masa addu'a a inda kake, ka koma aikinka. In ta rubutu ya zo, a WhatsApp ko saƙon waya, amsa ɗaya tak, aya ɗaya da jimla ɗaya, ba tare da taɓa wani mahaɗin da ya turo ba, sannan ka toshe. In ba ka da katin ayoyi a kusa, labarin Zakka yana kanka.

Wani lokaci, ba kasafai ba, mutum yakan sake kira bayan kwanaki, bai roƙi komai ba, tambaya kawai yake yi. Wannan kada ka riƙe shi kai kaɗai. Gaya wa mutumin nan da ka tanada tun farko. Tambayi mai kiran garin da yake, ba unguwa ba, ka gaya masa ya nemi majami'a a can da ƙafarsa. Daga Ngaundare har Kuseri da wuya a rasa ta Lutheran (EELC ko EFLC), ko ta haɗaɗɗiyar ikilisiyoyin bishara (UEEC), ko ta Katolika. In Fulatanci ya fi ji, nuna masa shirye-shiryen rediyon bishara na Sawtu Linjiila da ke Ngaundare. In ya nace sai ya gan ka, fasto ne zai sa wuri da lokaci, da rana, a harabar majami'a ko wani wuri mai jama'a, da dattawa biyu a zaune, ba a gidanka ba, ba a wurin sana'arka ba. Zancen mayar wa mutane abin da ya karɓa, da yadda za a yi shi ba tare da an jefa kowa cikin hatsari ba, a wannan zaman ake tayar da shi, kuma faston ne zai fara.